Filin Tambaya da Amsa: Eriyar Zobe, Wat 5, da Maganar Kaiwa Turai Daga Kebbi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na rediyo da lantarki. Tun da na sa hoton eriyar nan tawa mai kama da gammo a fitowar da ta wuce, wadda na kafa a bakin fadama can wajen Argungu, saƙonni suke ta shigowa, wasu ta WhatsApp wasu ta Facebook, har da wani dattijo da ya aiko jikansa da takarda rubutun biro. Ga wanda bai ga hoton ba, zobe ne na bututun jan ƙarfe faɗinsa mita 1, a tsaye kan sandar roba, da ɗan akwati a samansa mai kafasita a ciki, sai wani ƙaramin zobe a ƙasa inda wayar rediyo ke shiga. Masu harkar suna ce mata magnetik luf, ni dai eriyar zobe nake ce mata. Na tsinto tambayoyin da suka fi maimaituwa, bismillah.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ma'aikaci ne nan Birnin Kebbi, gidan haya nike, tsakar gidan mu huɗu munka haɗa, mai gida kuma ya ce ba a kafa mashi ƙarfe bisa kwano ba a ɗaura mashi waya ga icce. Ina da lasisi, ina da 'yar rediyo mai wat 5, amma wata shida ke nan tana cikin kwali. Wanga zobe naka da gaske shina aiki ko dai ado ne? Don wallahi ya yi man ƙanƙanta. Daga wani mai karatu, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Tana aiki, kuma irinka aka yi ta dominsa, amma bari in faɗa maka gaskiyarta gaba ɗaya kafin ka kashe ko kwabo.

Ka tuna yadda iyayenmu ke yi da rediyonsu da dare idan suna neman Kaduna a matsakaicin zango, za ka ga mutum bai taɓa maɓallin tasha ba, rediyon gaba ɗaya yake jujjuyawa a hannu har muryar ta fito tas. Abin da ke ciki wata 'yar baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar waya, kuma 'yar uwar eriyar zobe ce, gida ɗaya suka fito. Kai tun 1887 ma da Bajamushen nan Heinrich Hertz ya tabbatar da cewa igiyar rediyo gaskiya ce, da zoben waya mai 'yar tsaga ya kamo ta. To ba sabon abu ba ne ko kaɗan.

Eriyar da aka saba, wato doguwar waya mai hannu biyu, ana kiranta ne da tsawon igiyar rediyon da take aiki a kai, idan ta zangon mita 20 ce, wato megahaz 14, kana buƙatar fili mai tsawon mita 10, idan ta mita 40 ce mita 20, ga kuma a ɗaga ta sama sosai, a gidan haya ina za ka samu wannan. Ita kuwa zobe dabara ce ta daban, zoben da kafasitar suna miƙa wa juna wuta, je ka dawo je ka dawo, sau miliyan 14 a daƙiƙa ɗaya idan kana kan megahaz 14, wutar tana ta taruwa a ciki tana kewaye har ta yi ƙarfi sosai, daga nan ne take samun abin da za ta watsa. Kafasitar ita ce kamar tsirkiyar kalangu, ka matsa murya ta hau, ka sassauta ta sauka, da ita kake daidaita zoben da wurin da kake son magana. Ba ta neman a binne mata waya a ƙasa, ba ta neman dogon ƙarfe, ka ɗora ta kan sanda kamar mita 1 zuwa 2 daga ƙasa a tsakar gida, ka gama ka ɗauke ka shige da ita ɗaki, mai gida ba shi da abin cewa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk wanda ya taɓa ban ruwan shinkafa da rani ya san ba duk ruwan da inji ya jawo ne ke isa gona ba, wani hanya ke shanye shi. Haka wat 5 ɗinka, ƙofa biyu gare shi a cikin zoben nan, ɗaya ta fita sararin sama, ɗaya ta zama zafi a jikin ƙarfen, kuma rabon yana bin girman turjiyar kowace ƙofa, wadda ake aunawa da om. A zobe mai faɗin mita 1 da bututu mai kaurin milimita 22, a megahaz 14 ƙofar sama kusan om 0.09 ce, ta zafi kusan 0.045, ke nan kashi biyu cikin uku na wutarka ya fita, alhamdulillahi. Ka hau megahaz 21 abin ya ƙara kyau, kusan kashi 90 cikin 100. Amma ka sauko megahaz 7, wato mita 40, ƙofar saman nan ba rabi take komawa ba, sau 16 take raguwa, sai ka ga abin da ke fita bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, wat 5 ɗinka ko wat 1 bai kai sama ba. Kuma wannan lissafin takarda ne fa, ban sa asarar kafasita da ta mahaɗai ba.

Shi ya sa nake ce wa mutane kullum, zoben mita 1 gidansa mita 20 da 17 da 15, a mita 40 baƙo ne. Kuma in da a ƙauye kake da filin gona da dogon icce da zan ce maka ka ja waya kawai, ta fi arha ta fi ƙarfi, ba na ɓoye wannan. Amma kai rediyonka wata shida a kwali, to zoben da ke fitar da wat 3 ya fi doguwar wayar da ba ka da inda za ka ɗaura nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da za ka haƙura da shi, bakinta ƙunci gare shi. Ka matsa 'yan kilohaz kaɗan sai ka sake murɗa kafasita. Yadda ake yi, ka sa rediyo inda kake so, ka murɗa a hankali har shuuu ɗin nan ya yi tsalle ya ƙaru, to ka iso, sai ka rage wuta ƙasa sosai ka danna ka duba SWR, wato ma'aunin wutar da ke dawowa, ka ɗan taɓa kaɗan har ya sauka. Kwana biyu hannunka zai saba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina karatun injiniyan lantarki a Aliero, ina son in haɗa irin wagga eriya a matsayin furojet ɗina, amma kuɗin sayowa daga waje ba ni da su. Mi zan iya samu a kasuwarmu? Wani ya ce min in yi da rodi ko rim ɗin keke.

AMSA: Madalla 'yata, Allah ya yi albarka, wannan tambaya ta faranta min rai ƙwarai, don abin da nake so ke nan, yaranmu su riƙa haɗawa da hannunsu. Kusan komai akwai shi a nan.

Rodi kam a'a, ki manta da shi. Ki tafi da ɗan mayen ƙarfe a jakarki, duk abin da ya manne masa ki ajiye, baƙin ƙarfe shanye wutar rediyo yake yi. Rim ɗin keke idan na alminiyam ne zai yi, sai ki yanke shi daidai inda aka haɗa bakinsa, amma faɗinsa bai kai mita ba saboda haka ya fi dacewa da mita 15 da mita 10. Abin da ya fi, ki je wajen masu gyaran firij da AC ki sayi bututun jan ƙarfe mai laushi wanda ke zuwa a naɗe, mita 3 da ɗan ɗori, mafi kaurin da kuɗinki zai iya. Kar ramin cikinsa ya dame ki, wutar rediyo ba ta bin tsakiyar ƙarfe, fatar waje kawai take bi, a megahaz 14 zurfinta bai kai milimita 0.02 ba, saboda haka faɗin fatar ne ke aiki, nauyi ba ruwansa. Guda ɗaya za ki lanƙwasa, ba gutsure-gutsure ba. Ki samu tsohuwar tayar mota ko ganga ki bi jikinta a hankali don kar ya ƙulle.

To ki saurare ni da kyau a nan don a nan ne mutane ke faɗuwa. Na ce ƙofar sama om 0.09 ce. Mahaɗa ɗaya da aka ɗaure da noti ba a like ba, ta ɗan yi tsatsa ko ƙura ta shiga, tana iya ƙara om 0.05, abin da mitar da kike aunawa da ita a lab ba za ta ma nuna miki ba, amma ya isa ya sauko da ke daga kashi biyu cikin uku zuwa ƙasa da rabi, a mita 40 kuwa ɗan abin da ke fita ma ya rabe biyu. Zoben da na fara haɗawa da noti da wasa na ɗaure shi da 'yan siraran wayoyi zuwa kafasita, SWR ya yi kyau, faɗin wurinsa har daɗi, ina matsawa nesa ba sai na sake murɗawa ba, na yi sati biyu ina kira ba mai amsawa. Wani dattijo da ya riga ni a harkar ne ya ce min wannan faɗin da kake murna da shi shi ne ciwon, zoben da ke asara ne ke da faɗin baki, mai lafiya tsukakke ne. Na kwance, na buga bakin bututun ya baje, na like da dalma da faffaɗan jan ƙarfe gajere, ranar da na mayar sai da na yi ta lalube kafin in samu wurin saboda tsukewa, kuma a ranar aka ji ni. Ki rubuta wannan a rahoton furojet ɗinki, ki auna faɗin bakin kafin likewa da bayan likewa, malaminki zai ga kin fahimci abin. Idan sashenku na da NanoVNA ki ara, 'yar na'ura ce kamar waya, za ta zana miki ramin SWR ɗin ki gani da ido.

Kafasita ita ce mai wuyar samu. Da fikofarad ake auna girmanta, irin wannan zobe yana son kusan fikofarad 50 a megahaz 14, kusan 200 a megahaz 7, ashirin da 'yan kai a megahaz 21. Ki bi tsofaffin masu gyaran rediyo, na Jega ko na tsohuwar kasuwa, ki ce kina neman gan na tsohuwar rediyo, mai faranta na alminiyam da ke shiga cikin juna iska a tsakaninsu. 'Yar ƙaramar nan ta roba da ke cikin rediyon hannu ta saurare ce kawai, kina danna magana za ta narke. Idan kin samu mai ɗaki biyu ga dabara, ki haɗa baki ɗaya na zoben da tsayayyun farantan ɗaki na farko, ɗaya bakin da tsayayyun na ɗaki na biyu, masu juyawar ki bar su ba ki haɗa su da komai ba. Da haka kin kauce wa ɗan ƙarfen nan mai gogar sanda wanda shi ma ɓarawon wuta ne, kuma ƙarfin bolt ɗin da za ta ɗauka ya ninka, illa dai yawan fikofarad ɗin ya koma rabi. Ki saka ta cikin robar abinci mai murfi, don ƙurar hunturunmu idan ta kwanta tsakanin farantan sai ki ji tas tas wuta na tsallakawa. Ki sa mata dogon mariƙi na roba kamar taƙi ɗaya, in ba haka ba hannunki kaɗai idan ya matso sai saitin ya gudu.

Ƙaramin zoben kuma faɗinsa kashi ɗaya cikin biyar na babban, wato santimita 20, da waya mai kauri ko kebur ɗin kowaks, a ɓangaren da ke kallon kafasita daga nesa, kuma ba ya haɗuwa da babban ta wuta, kusantar juna kawai suke. Idan SWR ya ƙi sauka ki ɗan matse shi ya zama kamar ƙwai ko ki ɗan ɗaga shi.

Wanda yake son ta tafiya, mai shiga jakar goyo, maimakon bututu sai ya yi da kauraren kebur irin RG-213 ko LMR-400 ya yi amfani da saƙar wajen. Haka AlexLoop take, wadda wani ɗan Barazil Alexandre Grimberg mai lambar kira PY1AHD ya yi suna da ita. Ba ta kai bututu ƙarfi ba amma minti biyar ka kafa ta.

TAMBAYA: Yallaɓai na yi odar wata eriyar zobe ta intanet mai arha, sunanta MLA-30, ta iso. Zan iya jona ta da rediyona in yi magana? Daga Zuru.

AMSA: Kar ka kuskura ɗan'uwa, gara da ka tambaya. Wannan ta saurare ce zalla, akwai ɗan amfilifaya a cikin akwatinta mai cin wuta ta USB, kana tura mata ko wat 1 ya ƙone. Amma ba asara ka yi ba, ka jona ta da rediyon gajeren zango ka ji tashoshi da ita, ka ji 'yan sha'awar rediyo a mita 20 yadda suke kira da amsawa, makaranta ce mai kyau. Ta magana ba ta da amfilifaya, kafasita mai murɗawa gare ta.

TAMBAYA: Malam ni mai gyaran waya ne a Jega. Abokina ya haɗa zobe, muna gwadawa na kai hannu kusa ga kafasita ina son in gyara, sai ni ji kamar an soka man allura mai zafi, har wurin ya yi ɗan fari. Batir ɗin bolt 12 ne fa, wat 5 kacal. Ina wagga wuta ta fito?

AMSA: Sannu, Allah ya ƙara kiyayewa, ka wanke wurin ka kula da shi don ƙunar rediyo ƙarama ce a ido amma tana shiga ciki kuma tana daɗewa ba ta warke ba. Wutar daga tarin nan da na faɗa a sama ta fito. Tunda turjiyar zoben 'yar mitsitsiya ce, wat 5 ɗin nan na iya sa amfiya 6 ta riƙa kewaye a ciki, a bakin kafasita kuma bolt ya haura 1,000. Wanda ya tura wat 100 kuwa maganar bolt 5,000 ake yi ko fiye, shi ya sa masu babbar wuta ke sayen kafasita ta kwalba wadda aka zuƙe wa iska, mai tsadar gaske. Abin da zai ba ka mamaki, duk yadda zoben ya fi inganci haka bolt ɗin ya fi yawa, ke nan na abokinka ba laifi.

Saboda haka ba a taɓa zobe ana cikin watsawa, ko bututun ko kafasitar. Kuma kar a zauna a rungume da shi, ƙarfin maganaɗisun da ke kusa da shi ba kaɗan ba ne, ka sa kebur mai ɗan tsawo ka koma gefe aƙalla mita 1 zuwa 2, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya yi nesa gaba ɗaya. Wanda ya fi damuna yara ne, abin kamar wasa yake a idonsu, zagaye mai ƙyalli, da ka kafa za su taru, to ka ja musu layi a ƙasa ka sa babbansu ya tsare, in ba za su tsaya ba ka bari sai sun tafi makaranta. Da damina kuma da ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka kwashe kayanka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Gusau nike rubutowa. Ka san halin da munka shiga a 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara, mutum bai iya jin lafiyar mahaifiyarsa da ke ƙauye. Tun lokacin nike tunanin irin wanga rediyo. In na haɗa biyu, ɗaya wurina ɗaya ƙauye, ba shi ke nan ba? Kuma ba na son a sani.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na tuna watan Satumban 2021 sarai, mutane na tafiya har wata jiha don kiran minti biyu, kuma na san ba da wata manufa ka yi tambayar nan ba, kewar uwa ce. Amma don Allah ka ji ni, wannan kalma ta ba na son a sani ita ce za ta jefa ka cikin masifa. A yanayin da yankinmu ke ciki, a ga mutum da rediyon magana da eriya a ɓoye, ba takarda, kafin ya gama bayani an riga an kira shi infoma, kuma ba kai kaɗai ba har tsohuwar da ka kai wa ɗayan.

Rediyon 'yan sha'awa ba wayar sirri ba ce. Sai da lasisi daga hukuma, a ba ka lambar kira, tamu ta Najeriya da 5N take farawa, ta maƙwabtanmu Nijar 5U, Benin TY, kuma dole ka riƙa faɗin lambarka a iska, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana, ba a kasuwanci, wanda ke ɗaya bakin shi ma sai mai lasisi, kuma duk wanda ke da rediyo a duniya zai iya jin ku. Akwai ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Najeriya, NARS, mamba ce a ƙungiyar duniya IARU, ka neme su su nuna maka hanyar takarda. Kafin nan ka fara da saurare.

Idan lasisin ya fito shawarata ka yi komai a fili. Ka je ka gaida mai unguwa ka nuna masa takardar, ka sanar da ofishin 'yan sandan yankinku, kwafi ɗaya kullum a cikin jakar rediyon. Kuma ka bar maganar fita daji ko hawa dutse da kake gani Turawa na yi a YouTube, ƙasarsu daban tamu daban, ni kaina bakin fadamar da nake zuwa gonar 'yan uwa ce, kowa ya san ni, da rana nake zuwa in dawo kafin magariba. Amfanin zobe ai shi ne tsakar gidanka ta ishe ka. Ina fatan wata rana a ce kowace ƙaramar hukuma a Zamfara da Kebbi akwai masu lasisi biyu uku da hukuma ta sani, ranar ambaliya ko ranar da sabis ya ɗauke a samu masu isar da saƙo, amma ta ƙofa za a shiga.

TAMBAYA: An ce zobe ba ya jin hayaniyar lantarki, ni kuwa nawa ƙara kawai yake kamo min. Muna da sola da inbata, kuma a ɗaki nake sa shi. Daga Yauri.

AMSA: An ɗan yi wa maganar gishiri. Abin da yake gaskiya, zobe a tsaye yana ji sosai ta gefunansa biyu, amma ta fuskarsa, wato inda za ka leƙa ta cikin ramin, kurma ne. To idan ƙarar daga wuri ɗaya take, misali inbatar maƙwabci ko taransifoma, ka juya shi a hankali har ramin ya kalli wurin, za ka ji ta faɗi. Idan kuwa ta kewaye ka ce ba abin da zai iya. Ka fitar da shi waje tukuna, ƙarƙashin kwano da rodin taga da wayoyin bango ba wurinsa ba ne, ka nisanta shi da tankin ƙarfe. Sannan ka sa rediyon a batir shi kaɗai ka bi kayan gidan kana kashewa ɗaya bayan ɗaya, inbata, kwantirolar sola, cajar waya, ƙwan LED, za ka kama mai laifin, sau da yawa ma 'yar caja ce mai arha.

TAMBAYA: Kawu, tsakani da Allah wat 5 da ko ƙwan fitila bai kai ba, shi za ya kai Turai daga Kebbi? Daga wani ɗalibin sakandare, Argungu.

AMSA: Zai kai ɗana, kuma ba tsafi. Can sama, kilomita 300 ko kusa da haka, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, igiyar gajeren zango idan ta doke shi sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa, tsalle ɗaya na iya kai kilomita 4,000. Daga nan zuwa Sifen ko Italiya kilomita 3,000 ne da ɗori, ke nan tsalle ɗaya ya isa, Sahara kawai za ka tsallake. Ƙarfin rufin nan yana hawa yana sauka duk shekara 11, ya kai ƙololuwa wajen 2024, lokacin mita 15 da mita 10 sun buɗe sosai. Masu aiki da ƙaramar wuta ana ce musu 'yan QRP, ƙa'idarsu wat 5 a rubutun Mos, wato aika haruffa da gajeru da dogayen sautuka, wat 10 a murya, kuma suna da yawa a duniya, har wuraren haɗuwa gare su irin megahaz 14.060.

Amma in gaya maka gaskiya da murya akwai wahala, sai haƙuri da dacewar lokaci. Abin da ya fi dacewa da zobe shi ne FT8, wani salon saƙo ta kwamfuta da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1993, da abokinsa Steve Franke suka fitar a 2017 cikin manhajar WSJT-X. Kowane saƙo zagayen daƙiƙa 15 ne, kuma kwamfuta na tsamo shi ko da ya nutse cikin ƙara yadda kunnen mutum ba zai ji komai ba. Ga daɗin abin ga mai zobe, kowa wuri ɗaya yake taruwa, 14.074 a mita 20, 21.074 a mita 15, saboda haka ƙuncin bakin nan bai dame ka ba, sau ɗaya za ka saita ka zauna. Sai dai ka riƙa leƙa SWR, don zafin ranarmu na Maris da Afrilu yana sa ƙarfe ya ɗan miƙe saitin ya goce, inuwa ta fi. Agogon kwamfutarka kuma ya zama daidai, in ya kauce da daƙiƙa biyu sai ka ga allo wayam.

Ka juya zoben gefensa ɗaya ya kalli arewa, kamar yadda tayar keke ke kallon inda za ta, ka gwada mita 15 da rana zuwa la'asar, mita 20 daga la'asar zuwa bayan magariba. Akwai shafin PSK Reporter da ke nuna taswirar duk wanda ya ji ka ko bai amsa ba. Yankin Birnin Kebbi a taswirar 'yan rediyo JK22 ne, Gusau JK32, kuma lambar 5N ba kullum 'yan rediyon Turai suke samunta ba, da ka fito za ka ga suna layi. Ranar da na fara ganin layuka sun tashi daga JK22 sun sauka Italiya da Jamus, daga batir ɗin da bai fi na babur ba, sai da na kira 'ya'yana suka zo suka gani.

Kai da kake sakandare ka fara da abin da ke hannunka, ka samu rediyon gajeren zango na gida, ka naɗa zoben waya da gan na tsohuwar rediyo ka ajiye kusa da shi ka murɗa ka ji yadda tasha ke tasowa, ka riƙa rubuta abin da ka ji da lokacin a littafi. Ka kai wa malaminku na fiziks wannan shafi, idan ya yarda zan zo makarantarku da zoben ranar Asabar ku gani da idonku. Masu tambaya kan batir da sola na tafiya, da wanda ya tambayi yadda ake koyon Mos, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.